Gishirin Pa Rokiyo

Duk wanda ya ce maka ya san lungunmu amma bai taɓa cin farantin rana a shagon Pa Rokiyo ba, ƙyale shi, wucewa kawai ya yi a bayan babur. Shagona na ɗinki yana kallon nata, tsakaninmu 'yar hanya ce wadda mota ba ta bi sai ta naɗe madubi. Tun ina yarinya nake cin girkin matar nan, ga shi yanzu furfura ta fara leƙowa ta ƙasan ɗankwalina ban fasa ba. Saro sunana. A unguwa ana cewa wai bakina ba shi da linzami, ni kuma ban taɓa musu ba, don mai ɗinkin da ba ta iya gaya wa mace ta yi ƙiba ba, yadin mutane za ta yi ta ɓatawa.

Abu ɗaya Pa take sayarwa, Pa ɗin kuwa a nan kamar ka ce inna ne. Farantin ƙarfe ne mai gurabe, shinkafa fara a tsakiya da soyayyen ƙwai a kanta, irin wanda gefensa ya ƙone gwaiduwar kuma tana rawa. A gefe miyar kwakwa ta ranar, yau koriya da kaza da gauta, gobe ja da naman sa da dankali. Sai nama da aka soya da ɗoɗɗoya da barkono, ɗan kwanon romo, da ayaba dafaffa cikin madarar kwakwa ta wanke baki. Duka bat hamsin na kuɗinmu, a Bankok ɗin nan da ake sayar da ruwan shayi fiye da haka a manyan kantuna. Shi ya sa rana na take tsaka lungu yake toshewa. Ga 'yan acaɓa da falmaransu ruwan lemo, ga 'yan matan banki da kati a wuya, ga ma'aikatan jinya, ga magina da siminti har a gira, ga waɗanda suka diro daga jirgin ruwan Sansaep, mashigin ruwan da ya ratsa unguwarmu, suna goge fuska. Ba mai tebur nasa na kansa. Ka hango kujera, ka ɗan sunkuyar da kai, ka zauna gwiwa da gwiwa da wanda ba ka taɓa gani ba, kafin ku kai kan ayaba ka san sunan surukarsa.

Ita Pa gajera ce kakkaura, hannuwanta duk tabon mai. A bakin ruwan nan aka haife ta, lokacin da ana iya wanka a cikinsa mutum ya fito da fatarsa. Kakarta ce mai girkin biki da na sadaka a masallacin unguwa, ita take ɗora ta kan kifaffen turmi don ta kai bakin tukunya. Ta fara da tallar miya a kwale-kwale, ta koma amalanke a gindin gada, daga baya ta kama shagon nan. Ba ta san awo ba. Kwalba a hagu, ludayi a dama, ta zuba, ta lasa, ta gyaɗa kai, shi ke nan. Gishirin gari kuwa ba ta taɓa shi, ta ce na masu wanke hanji ne. Ruwan kifi, tsimin kifi da gishirin nan na kwalba, shi ne gishirinta, shi ma sai na kantin Hiya Meng, tsohon nan ɗan asalin Sin da ke bakin titi, wanda ubansa ya sayar wa kakarta.

Ba kasafai take kiran mutum da sunan da ubansa ya raɗa masa ba. Da cikinka take saninka. Akwai Ban-da-gauta, akwai Ƙwai-biyu, akwai wani babban akawu mai taye da take ƙwala wa kira da Tsoron-yaji a gaban yaransa, ya amsa yana dariya. Lung Calo, shugaban 'yan acaɓan bakin lungu, wanda layun Buda suka yi wa wuya nauyi, Ƙarin-shinkafa ne sunansa a wurinta. Mace mai ciki kuwa ba ta tambaya, ƙwai biyu take gani, in ta yi magana a ce ba nata ba ne, na ɗan ciki ne.

Akwai maganar da ba ta gajiya da faɗa, kowa ya haddace ta. Takan ce ranar da harshenta ya gaza, ranar za ta kife kasko ta ja ƙofa, don ita ba za ta zama cikin tsofaffin da ake cin abincinsu saboda tausayi ba. Mukan yi dariya mu ce Allah Ya nesanta. Amma mun san halinta, in ta faɗa ta gama.

Mijinta, Bang Hem, dogo ne siriri, da can shi ke yankar tikiti a jirgin ruwa. Ya daɗe yana sauka gindin gada yana cin miyarta bai taɓa cewa uffan ba, har ita ta gaji ta tambaye shi wai miya yake zuwa nema ko mai miya. Ya ce duka. Tsofaffin unguwa sun ce wannan ce magana mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakinsa. Aikinsa a shago ƙanƙara, butocin ruwa, goge tebur da murmushi.

To, da daminar bara zazzaɓi ya kayar da Pa. Ƙofar shago ta yi makonni a rufe. Mun sha wuya, wallahi. Na ci taliyar leda har na fara mafarkinta, 'yan acaɓa suka rame, Lung Calo ya kawo mini wando in rage masa ƙugu yana cewa in bar zaren a kusa, za a buɗe. Ranar da muka ji ƙarar turmi daga shagonta da safe, sai ka ce salla. Kafin azahar ba masaka tsinke. Aka ajiye mini farantina, koriyar miya tana tururi, na haɗa shinkafa da miya a cokali, na tura da mai yatsu, na kai baki.

Gishiri. Kamar an jiƙa gishiri an ce mini ga miya. Idona ya kawo ruwa. Na ɗaga kai, sai na ga Pa tsaye bakin murhu da ludayi, ta rame, tana bin fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Me kuke so in yi? Mace ta tashi daga ciwo, ta ɗaure ta fito don mu. Na washe baki. Lung Calo, da jijiyar wuyansa ta miƙe garin haɗiya, ya ɗaga mata babban yatsa. Ɗaki ya ɗauka da daɗi, daɗi, hannun Pa na nan. Ta gyaɗa kai ta koma kan kasko.

Muka ce kuskuren ranar farko ne. Gobe ta zo, haka. Jibi ya fi. Ku da ba ku zauna da mu ba za ku ce me ya hana wani ya buɗe baki. Mu a nan, ka dubi babba ka ce girkinta bai yi ba, gara ka taka mata ƙafa. Tun muna ƙanana aka koya mana cewa in magana za ta ɓata wa mutum fuska, ka haɗiye ta ka bi ta da murmushi. To mun haɗiye, da gishirin da maganar duka.

Sai dai ciki ba ya kara. Kowane tebur akwai 'yan kofunan nan na sukari da barkono da ruwan tsami da ruwan kifi. Na ruwan kifi ya zauna cike har ƙuda ya raina shi, na sukari kuwa kafin a juya ya ƙare, mutane na ambula shi cikin miya a ɓoye. Bang Hem ya koma sintiri da butoci, mai kawo ƙanƙara ya fara zuwa safe da rana yana tambaya ko biki ake yi. Layin banɗaki ya fi layin abinci tsawo. 'Yan matan banki suka fara zamewa. Sukan wuce ta ƙofa, su haɗa tafi su gaida Pa da ladabi, su ce wai rage ƙiba suke yi, alhali ko wacce cikinsu iska mai ƙarfi sai ta riƙe turke. Ma'aikatan jinya suka bi su, suna raɗa kan hawan jini. Wata rana da tsakar rana na ƙirga kujeru da ido daga shagona, na ga waɗanda ba kowa sun fi yawa, abin da ban taɓa gani ba tun da nake.

Da la'asar ɗin ranar Lung Calo ya shigo shagona da falmaran da na tabbata da hannunsa ya yaga ta don ya sami dalili. Bang Hem ya biyo shi, ya tsaya jikin ƙofa yana murza tsumman goge tebur. Lung Calo ya ce shi yaransa sun fara gunaguni, ya hana su zuwa ko'ina, amma ɗaya ya ce ƙafarsa ta kumbura takalmi ba ya shiga. Ya ce dole a sami mai faɗa mata, cikin dabara, ta yadda ba za ta ɗauka harshen ne ya tafi ba, don in ta ɗauka haka an rufe shago ke nan. Muka dubi Bang Hem. Ya dubi silin. Sai su biyun suka juyo suka dube ni.

Ni kuwa da cika baki na ce wannan ai ba komai ba ne, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na ce ni da na gaya wa matar limami launin rigarta bai karɓe ta ba, miya ce za ta gagare ni? Na gyara ɗankwali na tsallaka.

Na same ta a bayan shago zaune kan 'yar kujera, tana dakan kayan miyar gobe. Ta matsa mini na zauna. Na fara da lafiyar jiki, na bi ta kan tsadar kwakwa, na zaga ta ruwan sama, ina lalubo hanya. Sai ta ajiye taɓarya ta dube ni cikin ido.

"Saro, ke ba kya ɓoye-ɓoye. Hannuna ya dawo?"

Idanunta sun faɗa, wuyanta duk ya saki. Matar da ta ba ni ƙwai biyu lokacin da nake da cikin fari, ta kuma aiko mini da romo kullum da mijina ya rasu.

"Ya ma fi na da, Pa," in ji ni.

Ta saki ajiyar zuciya, ta ɗaure mini ragowar miya a leda ta ce in kai wa yara. Haka na tsallako da leda a hannu. Lung Calo na ganina ya gane, ya yi dariya har ya kusa kifar da babur, kuma daga ranar duk ɗan acaɓar da ya wuce ƙofata sai ya tambaye ni ko zakanya ta tashi lafiya. 'Yan banza.

Dabara daga inda ba a zata ba ta fito. Washegari, lokacin da Pa take ɗan kishingiɗa bayan an tashi, sai ga Bang Hem ya shigo shagona da kwandon wanki a ka. Ya sauke, ya ɗaga zannuwa, ga kwalaben ruwan kifi sababbi, ga wasu wofi, ga tulun shayi marar kauri da ya huce. Ya buɗe kwalba, ya rage ta cikin wofin, ya cike gurbin da shayi, ya ɗaga ta saitin taga. Launi ɗaya sak. Na dube shi na ce, "Bang, ashe kai ma mugu ne." Ya yi murmushi.

Sai da muka yi 'yan kwanaki muna gwaji kafin mu dace, don ranar farko mun cika shayi, miya ta fito salam, Lung Calo ya ce shi dai a yanke masa hukunci ɗaya, ko gishiri ko babu. Amma da muka gano daidai, jama'a, sai ga girkin Pa ya dawo. Tana tuttula kwalba yadda ta saba tun tashinta daga ciwo, abinci na fitowa yadda yake tun muna yara. Labari ya zaga. 'Yan banki suka gama rage ƙiba rana ɗaya. Ma'aikatan jinya suka dawo da ƙawayensu. Mai ƙanƙara ya koma zuwa sau ɗaya yana cewa an gama bikin ke nan. Pa ta murmure, ta mai da jikinta, tsawarta ta dawo har ana jinta daga bakin ruwa. Bayan keken ɗinkina kuwa ya zama ma'ajiyar kwalabe, har wata amarya ta dawo da rigarta tana cewa tana jin ƙarnin kifi. Na ce mata sabon yadi haka yake.

Mun manta da wa muke yi. Mace ta yi shekaru tun tana kan turmi tana zuba abu ɗaya cikin kasko, ai ba da harshe kaɗai ta san shi ba.

Ranar jar miya ce, ranar da aka fi cika. Mutane har a tsaye, wasu riƙe da faranti suna jiran wani ya tashi. Hiya Meng yana zaune a kusurwarsa ta kusa da fanka, da farar shimi da tabarau a goshi, yana cin nasa a hankali kamar kullum. Ina tsakiyar ci sai na ji ƙugin gas ya ɗauke. Pa ba ta kashe wuta da tsakar rana. Surutu ya mutu da kansa. Ta goge hannu a zane, ta ɗauki kwalba, ta ratso tsakanin tebura, ta dire ta a gaban tsohon.

Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce Hiya, ubanka ya sayar wa kakata, kai ka sayar mini tun ina tura amalanke, ban taɓa duba kayanka sau biyu ba. Ta nuna masa wuyan kwalbar. Ta ce ruwan kifin kirki yana barin ɓurɓushin gishiri a bakin murfi, wannan kuwa fes yake. Ta ce na kirki in ya taɓa kasko mai zafi ƙara ɗaya yake yi ya tashi, wannan kuwa sai ya yi ta tsuwa kamar yayyafi a kan kwano. Ta ce ta yi kawaici ta yi kawaici, amma yau tana so ya gaya mata tun yaushe ya fara sayar mata da ruwa.

A gaban lungu duka. Mai kanti a kira shi mai algus a gaban abokan cinikinsa, ai an gama da shi. Na ga jini ya bar fuskar tsohon. Ya san kayansa, ya san bai yi ba. Amma me kuke tsammani ya yi? Ya miƙe, ya yi murmushi, ya sunkuya, ya ce ta yi haƙuri, wataƙila daga wurin masu kawo masa ne, zai canja mata duka. Shi ma ba zai ƙaryata ta cikin mutane ba, gara ya ɗauki laifin. Kowa ya sa ido cikin farantinsa. Na ce wa ƙafafuna ku tashi, suka ƙi. Lung Calo ya kama layunsa ya damƙe.

Sai muka ji an ajiye buta a kan tebur.

"Kiyo, ni ne," in ji Bang Hem, wanda shi kaɗai ke kiran Pa haka.

Ta juyo. "Kai ne me?"

"Ni nake zuba shayi a ciki. Hiya bai san komai ba."

"Shayi." Ta maimaita kamar ba ta taɓa jin kalmar ba. "Don me?"

Ya ce, "Tun da kika tashi daga zazzaɓi gishiri yake yawa. Ba ya ciyuwa."

Pa ta bi ɗakin da kallo, ta tambaya wa da wa suka sani. Lung Calo ne ya fara ɗaga hannu, da cokalinsa a ciki. Yaransa suka bi. Ma'aikatan jinya suka ɗaga, 'yan banki suka ɗaga rabi-rabi, Tsoron-yaji ya ɗaga yana gyara taye. Har wani bature mai gajeren wando da ya shigo ranar kawai, da ya ga kowa ya ɗaga, shi ma ya ɗaga nasa. Ni ce ta ƙarshe, kuma a kaina idonta ya tsaya.

Ta ja benci ta zauna. Ban taɓa ganin ta zaune da tsakar rana ba.

"Kuna tsammani ban san harshena ya tafi ba?" in ji ta. "Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo."

Ta ce ranar da zazzaɓi ya sake ta aka ba ta kunu, ta ji kamar ruwan wanka. Ta lashi sukari, ta lashi barkono, duk ɗaya. Hanci ma ya tafi. Ba ta gaya wa kowa ba, ko mijinta. Ta tuna maganar da ta sha faɗa, ta kwana tana juyi, ta ga ba za ta iya kife kaskon ba. Sai ta ce wa ranta ba komai, tana da ɗaki cike da harsuna, za ta dinga karanta fuskokinmu, in an yamutsa ta rage, in an saki ta san ta dace.

"Ranar farko da tsoro na zuba. Na ɗaga kai, kowa haƙora a waje, wancan Ƙarin-shinkafan har da ɗaga mini yatsa. Na ce to haka ne daidai. Da na ga kujeru sun fara zama ba kowa, sai na ce ko bai ji ba ne, na ƙara. Aka ragu, na ƙara. Na ce bari in tambayi wadda ba ta ƙarya a unguwar nan." Ta nuna ni da haɓa. "Ta ce ya fi na da."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Wani daga cikin magina ya yi ƙoƙarin danne dariya, ta kuɓuce masa ta hanci, Pa ta harare shi ya koma tari.

Ta miƙe ta je gaban Hiya Meng, ta haɗa tafi ta kai har goshi, ta roƙe shi gafara da ƙarfi yadda na waje ma za su ji. Tsohon ya rikice, ya rama gaisuwar har tabarau ya faɗo cikin romo. Daga nan ta koma ta kunna wuta, ta sallami kowa ba tsawa ba laƙabi, ta ja ƙofa tun kafin la'asar. Wannan shirun ya fi mini zagi ciwo.

Da safe ba a ji turmi ba. Na buɗe shago na zauna, idona na kan ƙofarta, har na ɗinke bakin aljihun wandon wani ban sani ba. Lung Calo ya zaga lungu ya fi a ƙirga, ba fasinja a bayansa. Hantsi ya yi, ƙofa a rufe. 'Yan acaɓa suka taru a ƙofata sun yi jugum, ba mai kiran zakanya. Ɗaya ya ce shi ke nan, ta kife kasko, mu muka ja. Na ce ya rufe mini baki, amma ni ma abin da ke raina ke nan, kuma ba abincin kaɗai nake jin tsoron rasawa ba. Matar nan in ta bar murhu ban san me zai rage mata ba.

Ana gab da azahar sai ga Hiya Meng ya taho, rungume da sabuwar kwalba, shi da kansa. Ya ƙwanƙwasa, aka ɗaga ƙofa kaɗan, ya miƙa. Sai aka ɗage ta gaba ɗaya, ƙamshin koriyar miya ya bugi lungu. Ashe a gidan ƙanwarta ta yi dakan, don kada mu ji mu saki jiki. Muka dunguma ciki, ba wanda ya zauna.

Pa na bakin murhu. Gefenta Bang Hem ne, an ɗaura masa zanen girki da bai kai masa gwiwa ba, riƙe da cokali, fuskarsa irin ta wanda za a yi wa allura. Ta fasa murfin kwalba a gabanmu, ta zuba, ta juya, ta ɗebo ta zuba masa a cokali. Ya hura, ya kai baki. Muka ga leɓensa ya fara buɗewa yadda ya saba. Ta buga ludayi a bakin tukunya.

"Ba haƙoranka na tambaya ba, Bang."

Ya rufe baki. Ya haɗiye. Gumi ya tsattsafo masa.

"Ya ɗan yi yawa, Kiyo."

"Ya ɗan yi, ko ya yi?"

"Ya yi yawa."

Ta lumshe ido ta ce alhamdu lillahi, a hankali, kamar wadda aka sauke wa kaya. Ta ɗauko madarar kwakwa ta ƙara, ta juya, ta sake ba shi. Wannan karon ya daɗe yana juya ta a baki, ya haɗe gira, abin da ban san fuskarsa na iyawa ba. Sannan ya ce yanzu ya yi.

Harshen nata bai dawo ba har yau. Ta juya ta hau cika faranti tana ƙwala kiran Ban-da-gauta da Ƙwai-biyu, tana cewa masu tsayuwa su zauna ko su ba mutane wuri. Muka zauna muka ci, muka yi ta cewa daɗi, kuma wannan karon da gaske muke. Amma ko sau ɗaya ba ta ɗago ta dubi fuskar ɗayanmu ba. Ta mijinta kawai take kallo.